Tsohon gidan Gyaɗi-Gyaɗi ko sabon na Janguza

Wa alaikumus salam Malam. Ka tambaye ni wanne za ka saya a nan Kano, tsohon gidan Gyaɗi-Gyaɗi ko sabon na Janguza. Ka ɗauki na Gyaɗi-Gyaɗin. Na ga dai ɗaki uku ne da ɗan tsakar gida, wancan na bayan Janguza kuma da ka turo hotonsa ɗaki huɗu ne da falo biyu da tayil har bango kuma kuɗin kusan ɗaya, amma duk da haka tsohon zan ce maka, in dai ya tsallake abubuwan da zan faɗa maka a ƙasa.

Ni irinsa nake ciki a nan Tarauni, ginin wani tsohon ma'aikacin gwamnati ne tun zamanin Shagari, filin ma bai cika 50 da 50 ba. Da muka tare kafinta ya zo saka mana ƙarfen labule, wallahi ƙusar kankare ce ta dinga lanƙwashewa a bango, mutumin nan ya sauko daga kan benci yana share gumi yana cewa Alhaji wannan bulon da siminti aka buga shi ba da addu'a ba. Ka je ka gwada haka a gidajen da ake ginawa don sayarwa yanzu, tun da buhun siminti ya haura dubu 10 a farkon 2024 masu gina-ka-sayar miƙar da buhu suke yi, bulon da farce ma za ka kankare shi, sai a bi da fulasta da fenti mai sheƙi da fitilu a silin shikenan an gama da kai. Ban ce duka ba, amma a sabon gida ba ka da hanyar sani, bai sha damina ko biyu ba. Tsohon gida kuwa ya riga ya nuna halinsa, duk inda zai tsage ya tsage, duk inda zai zauna ya zauna.

Abin da ya fi min komai ma ba ginin ba ne. Kafin in biya kuɗi na je na yi la'asar a masallacin layin na zauna a dakali, wani dattijo da ake cewa Baba, tela ne, shi ya ba ni labarin gidan kaf ban tambaye shi rabin abin da ya faɗa ba, wanda ya gina, 'ya'yansa nawa, wacce take aure a Zariya, inda tsohuwar rijiya take da aka cike a bayan kicin, har ya taso ya nuna min da sandarsa iya inda ruwa ya taɓa kaiwa a jikin katanga shekarar da lambatu ya toshe. Mutumin nan har yau in na yi tafiya shi yake leƙa min gida, yarana kuma jikokinsa ne suke raka su islamiyya. A sabuwar unguwa wa zai ba ka wannan labarin? Kowa baƙo ne, maƙwabcinka na dama kango ne, na hagu mai gadi aka ajiye.

Sai lissafin kullum, wanda mutane ba sa yi sai sun tare. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 nisa ya zama haya da kake biya kowace safiya. Daga Janguza sai ka wuto sabuwar BUK, Rijiyar Zaki, ka sha cunkoson Kabuga kafin ma ka fara maganar kasuwannin Kwari ko Singa ko Sabon Gari, ka dawo da yamma haka, ga kai yara makaranta, ga uwargida in za ta je gidan suna ko dubiya cikin gari adaidaita sai ta hau biyu ko uku. Daga Gyaɗi-Gyaɗi kuwa asibitin Malam Aminu Kano a ƙafa ma za ka je, wanda ya taɓa fita da mai naƙuda ƙarfe biyun dare ya san me nake nufi.

Na Janguzan dai yana da fili da iska da wajen ajiye mota, kuma gari can yake tafiya don haka wata rana zai yi kuɗi. Iyakar abin da zan iya faɗa masa kenan. Ragowar karo-karo ne, na turakun wuta, na tiransifoma, na 'yan sintiri, na zuba burji a hanya duk watan Agusta, kuma in awon igiya ne, wato filin da ba gwamnati ce ta yanka shi ba, ba ka san ranar da za a zo a shafa maka jan fenti a ce titi ne ya biyo ta falonka ba.

To amma fa kar ka je da dillali ku leƙa ɗakuna ku fito, tsohon gida duba shi ake yi. Ka nemi birkilan da ya daɗe a sana'a wanda ba ruwansa da cinikin, in da hali injiniya, ka biya shi kuɗin ƙafarsa. Farko ku tsaya a ƙofar gida ku ga tsakar gidan da titi wanne ya fi tudu, don a tsofaffin unguwanni an yi ta ɗaga layi ana cikawa shekara da shekaru har gidaje da yawa sun koma rami, in sai ka sauka mataki biyu kafin ka shiga zaure to ruwan layin gaba ɗaya naka ne, gyaransa kuma ba ƙarami ba ne, sai an cike ƙasa an ɗaga ƙofofi wani lokacin har rufi. Ku duba gindin bango daga ƙasa zuwa gwiwa, in fenti yana kumbura yana zubar da farin gari danshi ne yake hawowa daga fandisho, in kuma ka ga an yi sabon fenti ko an manna tayil iya nan wajen kaɗai to ɓoye shi aka yi. Tsagewa iri biyu ce, siririya kamar gashi a jikin fulasta ba komai ba ce, wacce ta taso a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa har tsinke yana shiga ita ce ke cewa ƙasa tana motsi, a nan sai ka tambayi mutanen layin ko wajen kududdufi ne aka cike, Kano cike take da irinsu kuma dillali ba zai taɓa faɗa maka ba. Ku ƙwanƙwasa bango, wani ginin ƙasa ne aka yi wa rigar siminti ake sayar da shi a kuɗin bulo. A sa yaro ya hau cikin silin da tocila ya caka katakon da sukundireba a ga ko gara ta cinye. Wayarin kam ka sa a ranka sabo za ka yi, kwano ma watakila, waɗannan duk abu ne mai farashi ka cire su daga kuɗin gidan wajen ciniki. Ka tambayi ina masai yake ina rijiya take, a ƙaramin fili sau da yawa suna manne da juna, ruwan sai dai wanki. Ruwan famfo kar ka sa rai sosai, mu ma nan 'yan garuwa ne, bambancin kawai suna ƙofar gida. Ka karɓi lambar mita ka je ofishin kamfanin wuta na KEDCO a duba ko akwai tsohon bashi a kanta, kuma ka tambayi layin wane rukuni ne, in Band A ne wuta za ka samu amma tun Afrilun 2024 kuɗinta ya haura naira 200 kowane yunit. Lungun kuma ka auna shi da motarka, ba da ido ba.

In za ka iya jan cinikin har a yi ruwa mai ƙarfi ka je washegari da sassafe ba tare da ka sanar ba, ya fi duk wannan dogon bayanin nawa.

Ba ka tambaya ba amma bari in faɗa maka, inda ake cin mutane a tsohon gida takarda ce ba gini ba. Yawancinsu gidajen gado ne. Babban wa zai zo maka da fara'a ya ce duk 'yan uwa sun amince, ka biya, bayan wata shida ƙanwarsu da take aure a wani gari ko ɗan uwansu da yake Saudiyya ya dawo ya ce bai sani ba, kai da kotu kenan, kuma a fiƙihun Malikiyya wanda yake da tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shuf'a, zai iya mayar maka da kuɗinka ya karɓe kason da aka sayar maka. Don haka ka ce sai ka ga takardar rabon gado ta kotu, kowane magaji mace da namiji ya sa hannu da kansa a gaban mai unguwa da shaidunka, in akwai marayu ƙanana kotu ce za ta ba da izini ba kawunsu ba. In sun ce akwai satifiket, wato takardar mallakar fili ta gwamnati, kar ka yarda da fotokwafi, asalin za ka riƙe a hannunka, ka sa lauya ya bincika fayil ɗin a KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye ta jihar Kano, a ga sunan wa ke kai, ko an jinginar da shi a banki, ko akwai bashin kuɗin ƙasa da ya taru. Dokar ƙasa ta 1978 a hannun gwamna ta sa filayen birni, sayar da gida mai satifiket sai da sahalewarsa, to ka yi canjin suna kar ka ajiye takarda da sunan mamaci a durowa. Duk dillalin da ya ce maka wani Alhaji zai kawo kuɗi gobe ka yi sauri, ka ce Allah ya sanya alheri ka tafi, zai kira ka. Haka in ya ce fandishon bene ne za ka iya ɗora hawa ɗaya, kowane tsohon gida a bakinsu fandishon bene ne, sai an tona gefe injiniya ya gani.

Kuɗi ta banki za ka tura, asusun da magada suka rubuta a takardar ciniki, ba na dillali ba, la'adarsa daban bayan an gama sa hannu. In akwai 'yan haya a ciki kar ka cika kuɗin sai an ba ka makulli gida ba kowa. Ka je ka duba na Gyaɗi-Gyaɗin da birkila satin nan, in ka ga tsagewar da ba ka gane ba ka ɗauko hotonta ka turo mu gani.