Wata Uku da Littafin GMAT Official Guide: Abin da Na Samu a Tambayoyin Auna Hujja

Na sayi GMAT Official Guide, littafin shirin jarrabawar GMAT da ake zanawa don shiga makarantun koyon kasuwanci, bugun 2024-2025, bayan na shafe wata guda ina raba dare da wasu tambayoyi da ake turowa kyauta a wani guruf na masu neman gurbin MBA, wato digiri na biyu a harkar kasuwanci, a ƙasashen waje. Lissafi bai taɓa tayar mini da hankali ba, domin shi ne abincina a ofis. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tambayoyin auna hujja, waɗanda masu jarrabawar ke kira Critical Reasoning. Za a ba ka ɗan gajeren rubutu, wani ya kawo dalilansa ya yanke matsaya, sai a jero maka amsoshi biyar a ce ka zaɓi wadda ta fi raunana maganar, ko ta fi ƙarfafa ta, ko wadda ta tono abin da mai maganar ya jingina da shi bai furta ba.

Ga wanda bai san jarrabawar ba, hukumar GMAC ce ke da ita, kuma tun ƙarshen 2023 aka sauya mata fasali. Yanzu sashe uku ne, kowanne minti 45: lissafi mai tambaya 21, sashen harshe mai tambaya 23, da na nazarin bayanai mai tambaya 20. Maki yana farawa daga 205 ya tsaya a 805. An cire rubutun insha'i, an kuma cire tambayoyin gyaran jimla, don haka sashen harshe ya rage fahimtar karatu da auna hujja kawai. Idan ka raba minti 45 ga tambaya 23, ba ka da cikakken minti biyu a kan kowace. Wanda ya yi sakaci da auna hujja yanzu ba shi da wurin fakewa.

Bambancin da na fara gani tsakanin littafin da tambayoyin guruf ɗin nan shi ne a amsoshin da ba daidai ba. A waɗancan, sau da yawa amsa biyu duk suna iya zama, ko kuma wadda aka ce ita ce daidai ba ta da wata madogara sai ra'ayin wanda ya tsara ta. Na yi makonni ina koyon karanta zuciyar mutumin da ban sani ba, ina zaton tunani nake koyo. Tambayoyin littafin kuwa na ainihin jarrabawa ne da aka yi amfani da su a baya aka ajiye. Kowace amsa cikin huɗun da ba daidai ba tana da takamaiman aibi da za ka iya ɗora yatsa a kai. In ka faɗi, ka koma ka duba, za ka tarar laifin naka ne, kuma za ka san wane iri ne. Wannan kaɗai ya isa kuɗin littafin a wurina.

Bari in ƙirƙiro misali irin nasu da kayan gida. Wani mai sayar da taki ya ce: bara manoman da suka zuba sabon takina sun fi waɗanda ba su zuba ba samun buhunan masara, saboda haka takina yana ƙara amfanin gona. Wace magana ce ta fi raunana wannan? Ta farko: takin ya fi sauran tsada nesa ba kusa ba. Ta biyu: mafi yawan waɗanda suka saye shi masu manyan gonaki ne. A farkon karatuna ta farko zan ɗauka da gudu, domin duk wanda yake da ɗan'uwa manomi ya san zafin kuɗin taki, kuma maganar tana sa ka ji ka ƙi takin. Amma mutumin bai ce takinsa yana da araha ba, cewa ya yi yana ƙara amfani. Tsada ba ta taɓa wannan da'awa ko kaɗan. Ta biyun ce ta karya ta: mai kadada goma zai fi mai kadada ɗaya buhu ko da toka ya zuba. An ƙirga buhuna, ba a ƙirga abin da kowace kadada ta bayar ba.

A nan na gane cutar da ta fi cin mutane irina, waɗanda suka yi shekaru suna aiki kafin su koma karatu. Muna shigowa da abin da muka sani na kasuwa da rayuwa, sai mu zaɓi amsar da take gaskiya a duniya alhali ba ta da alaƙa da giɓin da ke tsakanin hujjar da matsayar. Littafin ya horar da ni in tsaya kafin in kalli amsoshi, in faɗa wa kaina da bakina: ga abin da yake so in yarda da shi, ga abin da ya ba ni, ga ramin da ya tsallake. Daƙiƙa ashirin ɗin da nake kashewa a nan suna dawo mini da riba, domin amsoshi uku kan zube da kansu.

Tambayoyin da suka fi ba ni wuya su ne na gano zaton da ba a furta ba. Dabarar da ta fisshe ni ita ce kore amsar, in ga ko ginin zai rushe. A misalin taki, ɗauki wannan: gonakin ɓangarorin biyu ba su da wani babban bambanci in ban da takin. Kore ta, ka ce suna da babban bambanci, shi ke nan hujjar ta faɗi. Ɗauki wata: babu takin da ya kai wannan kyau a kasuwa. Kore ta, ka ce akwai wanda ya fi shi, amma har yanzu nasa yana iya ƙara amfani, ginin yana nan tsaye. Ta farkon ce ginshiƙi. Abin ya tuna mini da zaman da muka yi a gaban malam a zaure lokacin da aka zo babin ƙiyasi, yadda yake hana mu haɗa abu biyu a hukunci ɗaya sai mun nuna illar da ta haɗa su. Tambayoyin da ke cewa tsarin kaza ya yi aiki a wannan gari don haka zai yi a wancan, da wannan idon nake kallonsu.

An jera tambayoyin daga masu sauƙi zuwa masu tsauri, kuma kowace tana da bayani kan dalilin da ya sa kowace amsa ta tsaya ko ta faɗi. Na buɗe wani littafin rubutu daban, duk tambayar da na faɗi sai in rubuta dalili a layi ɗaya da Hausa. Bayan wata guda na duba, na ga kurakuraina ba su da yawan iri: ko dai na ɗauki abubuwa biyu da suka zo tare a matsayin ɗaya ne ya haddasa ɗaya, ko na rikita kaso cikin ɗari da ainihin adadi, ko na yi tsalle a kan ƙaramar kalma irin wasu, mafi yawa, kaɗai.

Sai dai mai saye ya san abin da yake saya. Rumbun tambayoyi ne, ba malami ba. Wanda Turancinsa bai zauna ba zai buƙaci ya haɗa da karatun jaridun kasuwanci kullum, domin batutuwan sun shafi inshora, majalisar birni, binciken magunguna, kuma kalma ɗaya da ba ka sani ba tana iya cinye maka rabin lokacinka. Takarda kuma ba ta koya maka zaman gaban kwamfuta. Jarrabawar tana auna ka tana tafiya, in ka ci sai ta ƙaro mai wuya, kuma amsa uku kawai za ka iya canzawa a ƙarshen kowane sashe. Littafin yana zuwa da lambar shiga rumbun tambayoyinsa na intanet, a can nake sa wa kaina agogo. Shafin mba.com kuma yana ba da cikakkun jarrabawar gwaji guda biyu kyauta. Na yi ta farko kafin in buɗe littafin, ta biyu bayan wata uku, kuma a ta biyun na gama sashen harshe da sauran lokacin da na koma na gyara amsa biyu.

Ƙanwata da ke shirin zana jarrabawar baɗi ta riga ta karɓi littafin. Da fensir na yi aiki a ciki, na goge mata komai, amma littafin kurakuraina na riƙe abina, na ce ta buɗe nata.