Canza Suna Ko Fitar Da Kuɗi: Wanne Ya Fi Goge Laifin Jami'o'in Da Suka Ci Gumin Bayi?

Mutane sun dame ni da tambaya, wai jami'ar da aka gina da dukiyar bauta wanne ya kamata ta yi, ta canza sunan gini ta nemi afuwa, ko ta buɗe lalita?

Ta fuskar tsada dai canza suna araha ne. Jami'ar Yale ta Amurka a 2017 ta cire sunan Calhoun, ɗan siyasa mai kare bauta, daga wata kwalejinta, ta sa na Grace Hopper, masaniyar kwamfuta, a Jami'ar Cape Town kuma ɗalibai suka sa aka ɗauke gunkin Cecil Rhodes, Baturen mulkin mallaka, a 2015, kiren ya zo ya ɗaga shi jama'a na ta ihu. Nan da nan ake gani, amma fa ba ya biya wa kowa kuɗin makaranta.

Kuɗi kuwa sai an daure. Harvard ta ware dala miliyan 100 a 2022, Glasgow ta yi alƙawarin fam miliyan 20 a 2019, sai dai rigimar ita ce wa za a ba, tunda bayin da yawa ko cikakken suna ba a rubuta musu ba. Georgetown ta fi samun sauƙi, don akwai takardun mutum 272 da aka sayar a 1838 aka biya bashin makarantar, har da jarirai wallahi, yanzu jikokinsu na samun fifiko wajen shiga. Wannan shi ke daɗewa, ni shi ya fi taɓa min zuciya.

Ƙaramar makaranta mara ƙarfi ta fara da suna da faɗin gaskiya, mai tarin dukiya da takardun zuri'a a hannu kuma ita ce ta dace da biya.