Wata shida da Linux Mint a ofishinmu na Garwa

Ni ke kula da kwamfutocin wani ofishi a nan Garwa ta Kamaru, guda goma sha huɗu, da saba ɗaya, wato kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, a ɗan ɗakin baya. Da ranar 14 ga Oktoba 2025 ta matso, ranar da Windows 10 ya daina samun gyaran tsaro na kyauta, sai na bi su ɗaya bayan ɗaya. Magajinsa Windows 11 na neman TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro a cikin kwamfuta, namu kuwa kusan duk 'yan gwanjo ne. Uku kacal suka tsallake. Maigida ya ce kada ma in ɗauko masa zancen sayen sababbi.

Sai na zuba wa sauran Linux Mint 22, tsarin kyauta da ke maye gurbin Windows, mai fuskar Xfce mara nauyi, wanda za a ci gaba da kula da shi har 2029. Wata tsohuwa mai RAM giga huɗu, wadda a da sai ka kunna ta ka je ka yi alwala ka dawo, yanzu kafin ka gyara zama ta buɗe.

Inda na sha fama shi ne wajen mutane. Hajiya sakatariya ta kira ni ran farko: "Ɗana, ina ka kai mini Word?" Na nuna mata LibreOffice, madadin Word na kyauta, na saita shi ya riƙa ajiya a docx, irin fayil ɗin Word. Wasiƙar Faransanci ba matsala, allon rubutunta na Faransanci, AZERTY, ya yi daidai. Amma takarda mai tambari da jadawali idan ta zo daga waje, wani lokaci sai layuka su goce, ita kuma ba ta yafe mini ba har yau. Akantanmu kam na bar masa Windows, domin manhajar lissafinsa ba ta san wani gida ba. Firinta ɗaya ma ta ƙi ji ta ƙi gani, sai da na yini a kanta.

Sabar tana kan Debian 12, wani nau'in Linux, da manhajar Samba don raba fayiloli. An ɗauke wuta ba adadi, batir ya mutu a zafin Afrilu, amma duk sanda wuta ta dawo sai ta tashi abinta. Na kuma sa mata manhajar apt-cacher-ng: a sauke sabuntawa sau ɗaya, kowa ya ɗiba daga ciki. Datarmu ta fara kai ƙarshen wata.

Kwamfutar Hajiya ce dai nake tunanin musanya mata da ɗaya daga cikin ukun nan da suka tsallake zuwa Windows 11.