Likitan haƙori a Amurka: albashi ko kwangila?

A Amurka, likitan haƙori da zai yi aiki a asibitin wani yakan shiga ta ƙofa ɗaya cikin biyu: ma'aikaci mai takardar harajin W-2, ko ɗan kwangila (mai zaman kansa) mai takardar harajin 1099. Kuɗin ɗan kwangila kan fi tsoka a takarda, amma sai an tona ake sanin abin da ya saura a aljihu.

Ma'aikaci ana cire masa kashi 7.65 cikin ɗari na harajin fansho da lafiyar tsofaffi, mai asibiti ya biya wani 7.65. Ɗan kwangila shi ke ɗaukar duka biyun, kashi 15.3, kuma ba mai cire masa daga albashi. Shi zai riƙa warewa yana biyan hukumar haraji ta IRS sau huɗu a shekara. Inshorar lafiyarsa da ta kuskuren aiki, duk daga aljihunsa. Ranar da ya kwanta ciwo kuwa, ko sisi.

Sauƙin da yake samu shi ne kuɗin lasisi, kayan aiki da kwas na ƙarin ilimi yana cire su kafin a yanka masa haraji.

A ganina, in mai asibiti bai ƙara wa ɗan kwangila kaso mai kauri ba, sabon likita mai bashin makaranta a wuya ya fi tsira da albashi.