Bakteriya ko bairos: wanne ke kashe kifin tirawut?

Ɗan'uwanmu da ke aiki a wata gonar kifin tirawut (wani kifin ruwan sanyi da ake kiwo) a Turkiyya ya tambaya: kifi na mutuwa, idanu sun firfito, jiki ya yi baƙi. Yaya zai gane ko bakteriya ce ko bairos, kuma ina suka rabu wajen magani?

Malam, ido kaɗai ba zai raba maka su ba. Firfitowar ido, duhun fata da ƙin cin abinci, kowannensu na kawowa. Fara duba zafin ruwa da girman kifin da ke mutuwa.

Bairos biyun da aka fi tsoro, VHS da IHN, 'yan sanyi ne, ɓarnarsu ta fi yawa idan ruwa bai kai digiri 15 ba. VHS har ana kiranta cutar Egtved, sunan wani gari a Denmak inda ta yi ƙaurin suna. IHN daga yammacin Amurka ta Arewa ta fito, ta ɓulla a Faransa da Italiya a 1987, kuma ƙananan kifi ta fi karkashewa. Akwai ta uku, IPN, mai kama 'ya'yan kifi da zarar sun fara cin abinci, ka ga suna ta wulwulawa a ruwa. Ita har ta cikin ƙwai take bi.

Yawancin bakteriya kuwa zafi da cunkoso suke jira. Lactococcus garvieae takan tashi lokacin zafi, idan ruwa ya haura digiri 15, ta kama har manyan da aka kusa kaiwa kasuwa, kuma firfitowar ido ita ce babbar alamarta. An san ta sosai a gonakin Turkiyya, don haka idan da zafi abin ya faro, ita zan fara zargi. Yersinia ruckeri ita ke sa baki ya yi ja da jini. A jihar Idaho ta Amurka aka fara gano ta a shekarun 1950. Amma kada a riƙe zancen zafin nan kamar aya: Flavobacterium psychrophilum bakteriya ce, a ruwan sanyi take kashe ƙananan kifi.

Wajen magani ne hanya ta rabu. Bakteriya tana jin antibayotik irin su florfenicol ko oxytetracycline, ana haɗawa a abinci. Matsalar, kifin da ciwo ya ci ƙarfinsa ba ya ci, wanda ya makara asarar kuɗin magani kawai zai yi. Bayan an ba su kuma, dole a jira maganin ya fita daga jikinsu kafin a sayar. Cutar jan baki ma tana da rigakafi tun 1976, tsoma ƙananan kifi ake yi a ruwan maganin.

Bairos ba ruwansa da antibayotik. Wannan ɗabi'ar tamu ta masu kiwon tarwaɗa, da an ga gawa a kandami sai a antaya magani, ba ta da amfani a nan. VHS da IHN cututtuka ne da dole a sanar da hukuma, abin da kan biyo baya kuma shi ne killace gona, kashe kifin, busar da kandami da wanke kayan aiki. Da wannan hanyar Denmak ta kore VHS daga gonakinta, bayan fafutukar sama da shekara 40.

Ka ɗebi kifin da ke jinya amma bai mutu ba, ka kai wa likitan dabbobi a gwada ƙoda da saifa, ka haɗa masa da lissafin zafin ruwa da adadin da ke mutuwa kullum. Kafin sakamako ya fito, kada ragar kandamin da ke da cuta ta shiga wani.