Wace lambar tantance fayil za ka dogara da ita?

Kafin ka zaɓa, ka san abin da kake gudu: fayil ya lalace a hanya, ko wani ya sa masa hannu da gangan? Wannan ne zai raba maka gardama.

Hanyoyin fitar da wannan lamba suna da yawa, amma aikinsu duka iri ɗaya ne. Manhaja ta karanta fayil daga farko har ƙarshe, ta fitar da gajeren jerin haruffa da lambobi. Ko ɗigo aka taɓa, jerin ya sauya. Kai kuma sai ka gwada naka da wanda mai fayil ɗin ya wallafa.

CRC32 shi ne ƙarami, haruffa 8 kacal, kuma yana cikin fayilolin ZIP da PNG. Yana kama ɓarnar intanet mai yankewa ko filashin da ya tsufa. Ɗan damfara kuwa zai daidaita shi ba wata wahala.

MD5 ne mutane suka fi sabawa da shi. Ronald Rivest ya ƙirƙiro shi a 1991, yana ba da haruffa 32. Tun 2004 masu bincike a Sin suka nuna ana iya haɗa fayil biyu daban su fitar da lamba ɗaya, kuma a 2012 aka gano mugunyar manhajar Flame ta bi ta wannan kafa ta yi jabun takardar shaidar Microsoft. In kwafin hotunanka kake dubawa, ya isa. Ban da haka, ni dai na sallame shi. SHA-1, wata hanyar irin wannan, shi ma ya bi sahu a 2017, lokacin da Google da cibiyar CWI ta Amsterdam suka fitar da fayilolin PDF biyu masu lamba ɗaya.

Shawarata SHA-256, mai haruffa 64. Ba sai ka sauke komai ba: a Windows akwai umarnin Get-FileHash, a Linux akwai sha256sum, a macOS kuma shasum -a 256. Mai tarin manyan fayiloli da ke son sauri ya duba BLAKE3, wanda ya fito a 2020.

Sai dai akwai inda gizo ke saƙa. A Fabrairun 2016 aka kutsa shafin Linux Mint, wani nau'in manhajar Linux mai tafiyar da kwamfuta, aka karkatar da masu saukewa zuwa gurɓataccen fayil. Wanda ya iya shiga shafi har ya sauya fayil, zai iya sauya lambar da ke gefensa, ko da SHA-256 ce. Don haka in manhajar da za ka girka ce, nemi wadda aka sa wa jerin lambobinta hannu da GPG, wato manhajar sa hannu na dijital, ka samo makullin da ake tantance sa hannun mai ita da shi ta wata hanya daban.