Laftof ta Farko: Sabuwa Mai Araha ko Ta Hannu Mai Ƙarfi?

Duk wanda ya taɓa ratsa layin masu kwamfuta a Beirut Road ko kasuwar Farm Centre a Kano, ko Banex a Abuja, ya san yadda ake yi. Kafin ka gama sallama an jera maka laftof uku a kan kanta, ana cewa, "Yallaɓai, wannan Core i7 ce, sai dai ka gaji ka bar ta." Idan sayen farko ne, kunnenka zai riƙe i7 ɗin nan, idonka kuma ya tafi kan wadda ta fi sheƙi. A nan kuɗin yawancin sababbin shiga ke salwanta.

Fara da tambayar kanka aikin da za ta yi. Idan rubutu ne a Word, lissafi a Excel, aika imel, cike fom a intanet, taro ta Zoom ko Google Meet, da buɗe WhatsApp a babban allo, to ba ka buƙatar kwamfutar masu haɗa fim ko masu wasan gem. Abin da kake nema shi ne wadda za ta tashi da sauri, ta riƙe caji, kuma ba za ta daskare ana tsakiyar taro ba.

Zaɓi na farko da ke jan mutane shi ne sabuwa fil a kwali, mai sauƙin kuɗi. Na fahimci dalilin: akwai garanti, batirin sabo ne, ba wanda ya taɓa ta kafin kai. Sai dai a ƙaramin farashi, abin da ke cikinta galibi furosesa ce (wato ƙwaƙwalwar kwamfutar) ta Celeron ko Pentium, da RAM (wurin da take riƙe ayyukan da ka buɗe) gigabait 4, wani lokaci ma da ƙaramar ma'ajiya irin ta eMMC mai gigabait 64 wadda aka manne a jikin allon injin, ba a canza ta. 'Yar yayata irinta ta saya lokacin da ta samu aikin shigar da bayanai. Makon farko lafiya lau. Da ta fara buɗe Excel da shafuka biyar na Chrome tare da Zoom, sai muryar mai magana ta riƙa tsinkewa, linzami ya tsaya cak. Ba lalacewa ta yi ba, iya ƙarfinta ke nan. Abin ya dame ni sosai, domin kuɗin da ta daɗe tana tarawa ne.

Zaɓi na biyu, wanda ni shi nake ba mutane shawara a kai, shi ne ta hannu wadda aka shigo da ita daga Turai ko Amurka, wadda 'yan kasuwa ke kira Beljiyam ko tokumbo. Amma ba kowace ba. Nemi irin waɗanda aka ƙera don ma'aikatu: Lenovo ThinkPad, Dell Latitude, HP EliteBook ko ProBook. Kamfanoni kan saye su da yawa, su yi 'yan shekaru da su, su sauya. Jikinsu ya fi ƙwari, madannansu sun fi daɗin rubutu, kuma saboda sun cika kasuwa, batir, caja da allo ba sa wahalar samu wurin masu gyara. Wannan batu na kayan gyara ba ƙarami ba ne ga wanda ke zaune a Gusau ko Maraɗi.

Yanzu ga maganar da nake so ka riƙe fiye da komai. Sunan furosesar Intel, wato i3, i5 ko i7, shi kaɗai ba ya gaya maka komai sai ka san zubin, abin da masu shago ke cewa jenareshon. Lambar da ke bin sunan ita ke nunawa. i5-6300U zubi na 6 ne, i5-8350U zubi na 8, i5-1135G7 kuwa zubi na 11. i5 ta zubi na 8 mai ƙarewa da U tana da ƙwayoyin aiki huɗu, alhali i7 ta zubi na 6 ko na 7 mai irin wannan harafin biyu kawai gare ta. Ka ga ke nan i5 ɗin ta fi i7 ɗin da ake yi maka kirari da ita.

Akwai dalili na biyu mai nauyi. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 a hukumance tana farawa ne daga Intel zubi na 8, ko, a laftof, AMD Ryzen 3000 zuwa sama. Wasu masu shago kan ɗora Windows 11 ta bayan gida a kan tsofaffin injuna, ka gan ta tana aiki ka ɗauka komai daidai ne, alhali babu tabbacin za ta ci gaba da samun sabuntawa. Don haka EliteBook 840 G5, Latitude 5490 ko 7490, da ThinkPad T480, masu zubi na 8, su ne ƙasan abin da zan yarda ɗan'uwana ya saya. 840 G3 tana da araha kuma ta yi suna, amma zubi na 6 ce.

RAM kada ta gaza gigabait 8, kuma ka tambaya ko ana iya ƙarawa nan gaba. Ma'ajiya ta zama SSD, wato mai sauri wadda ba faifai a cikinta, ko da gigabait 256 ce. Za a nuna maka mai had-dis na gigabait 500 ko 1,000 a ce ta fi ɗaukar kaya. Gaskiya ne, amma faifai ne ke juyawa a ciki, yana da nawa, kuma faɗuwa ɗaya na iya tafiya da duk takardunka.

MacBook Air mai M1, wadda ta fito a 2020, tana riƙe caji fiye da kusan duk waɗanda na ambata, ba ta da fanka balle ta zuƙi ƙurar hunturu. Sai dai tana da tsada, gyaranta ma haka, ba a ƙara mata RAM, kuma idan abokan aikinka duk Windows suke amfani da ita, mai koya maka zai yi wuya. Chromebook kuwa, mai aiki da tsarin Google, tana da araha da sauƙi, amma rayuwarta a kan intanet take, kuma ba ta ɗaukar cikakken Word da Excel irin na ofis. Ga mai sayen data da lissafi, ban ga dacewarta ba.

Ranar saye, kada ka yi sauri, kuma ka tafi da wanda ya ɗan san harkar. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga sashen Performance: a nan za ka ga ainihin lambar furosesa, yawan RAM, da ko SSD ce, ba abin da aka liƙa a takarda ba. Sannan batir, wanda a ƙasar da wutar Nepa ke zuwa ta tafi shi ne rabin kwamfutar. A buɗe Command Prompt a rubuta powercfg /batteryreport. Rahoton zai nuna ƙarfin da aka ƙera batirin da shi da wanda ya rage masa yanzu. Idan ya kusa rabi, a sauya maka ko a rage kuɗi. Wadda ke karɓar caji ta USB-C, irin T480, tana da wata fa'ida: babban fawa banki mai wat 65 zai iya cajinta.

Buɗe kyamara ka ga fuskarka, ka naɗi muryarka ka saurara, ka haɗa ta da hotspot ɗin wayarka. Danna kowane harafi ɗaya bayan ɗaya. Duba jerin madannan ma: wadda ta fito daga Faransa da AZERTY take farawa, ta dace da mai aiki da Faransanci a Nijar, amma za ta rikita wanda ya saba da QWERTY. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, ba sai ka nemi kwamfuta ta musamman ba, Windows na da tsarin madannan Hausa da ake ƙarawa a saiti.

A sa mai shago ya shiga BIOS, wato saitin injin da ake shiga kafin Windows ta tashi, a gabanka don ka tabbata babu makullin tsohon kamfani a kai, idan Mac ce kuma a tabbatar an cire iCloud, wato asusun Apple, na mai ita na farko. Karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikin kwamfutar da kwanakin gwajin da kuka yi yarjejeniya a rubuce, ka kuma ware wani abu daga kuɗin don jaka mai soso da soket mai kare na'ura daga hawa da saukar wuta.